'Yan Hauka na Akra da Hakkin Wanda Aka Ɗauka a Fim

A wata ranar Lahadi ta watan Agusta na shekarar 1954, wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch ya ɗauki fim a wata gona a bayan birnin Akra, a ƙasar Gana, wadda a lokacin tana hannun Ingilishi. Fim ɗin gajere ne, kamar rabin awa. Sunansa da Faransanci Les maîtres fous, watau iyayengiji mahaukata. Mutanen da suke cikinsa kuwa ba 'yan ƙasar ba ne. 'Yan ci-rani ne daga Nijar, yawancinsu Zabarmawa da 'yan'uwansu na bakin kogi, waɗanda suka tafi Kurmi neman kuɗi, suna dako, suna haƙa ramuka, suna ƙananan sana'o'i a kasuwa. Yau fiye da shekara 70 ke nan, har yanzu ana nuna fim ɗin ga ɗalibai masu koyon ilimin al'adun 'yan Adam a jami'o'in duniya, har yanzu kuma ana gardama a kansa. Ya cancanci mai karatu ya san abin da yake ciki, gama jikokin waɗannan mutane maƙwabtansa ne, tambayar da fim ɗin ya tayar kuwa ba ta tsufa ba: wane hakki ne wanda aka bincika yake da shi a kan mai bincikensa, a ina kuma ake koya wa mai binciken wannan hakki?

Sunan Hauka da ake kiran waɗannan iskoki da shi kalmar Hausa ce, asalin abin ma a ƙasar Hausa yake. A wajajen 1925, a ƙasar Kurfai ta yankin Filinge, wata mata mai suna Shibo da mutanenta suka fara hawan waɗansu sababbin iskoki waɗanda ba a san su a bori ba. Iskokin suna tafiya kamar soja, suna sara wa juna, suna ba da oda, suna ɗauke da muƙaman Turawa. Matasa suka bi, suka fara ƙin jin maganar sarakunan da Faransawa suka naɗa. Kumandan na Yamai a lokacin, Crocicchia, ya sa aka kama da yawa daga cikinsu aka kulle. Abin bai mutu ba. Shi kansa kumandan ya koma iska a cikin iskokin, ana ce da shi Kumandan Mugu. Daga nan 'yan ci-rani suka sauka da abin har Kumasi da Akra, inda ya sami gwamnan Ingilishi da sojojinsa ya ƙara a kan na Faransa.

Fim ɗin ya fara da hayaniyar birni, motoci da kasuwa da ma'aikata, sa'an nan ya bi mutanen cikin mota zuwa gonar babban malaminsu. A can an yi wa wani suri fenti an mai da shi fadar gwamna, akwai gunkin gwamnan kansa, akwai bindigogin katako da jajayen ɗamaru. Kafin iskoki su sauka, masu laifi suna fitowa su faɗi laifinsu a gaban jama'a. Wani ya ce ya kwana da macen abokinsa, tun daga nan kuma ƙarfinsa na namiji ya tafi. Mai goge yana ta kiɗa. Can sai jikin mutum na farko ya fara rawa, ido ya juye, kumfa ta cika baki, ya tashi yana taku irin na kofur. Ɗaya bayan ɗaya suka hau: gwamna, janar, matar likita, direban jirgin ƙasa mai kai da komowa kamar kan dogo, da Kumandan Mugu. Suna ɗora bakin wuta a jikinsu domin a ga sun wuce mutane. Suka yi taro irin na manyan gwamnati, suka yanka kare, suka sha jinin, suka tsoma hannu cikin tafasasshiyar tukunya suna tsamo naman. Ba abin kallo ne mai sauƙi ba, mai fim ɗin ma ya yi gargaɗi a rubuce tun daga farko.

Dole a ba Rouch abin da yake nasa. Kyamararsa ta hannu ce, irin wadda ake yi wa wani kamar agogo, ba ta wuce 'yan daƙiƙu sai ta tsaya, duk da haka ya shiga tsakiyar mutanen bai tsaya daga nesa kamar mai leƙen gidan wani ba. Akwai wuri guda da gwanintarsa ta fito sarai. An fasa ƙwai a kan gunkin gwamna, farin da gwaiduwar suna gangarowa, nan take hoton ya koma kan gwamna na gaskiya a wurin fareti a Akra, da farin gashin tsuntsu yana zubowa daga ƙololuwar hularsa. Ba sai an yi wa kowa bayani ba. Wanda ya ga wannan ya gane cewa lebura ɗan ci-rani ya daɗe yana kallon mai mulkinsa da idon basira, ya ga bikin Turawa shi ma biki ne, da kayan tsafinsa da matakansa. Ƙarshen fim ɗin ma yana da kyau. Kashegari Rouch ya bi mutanen wurin aikinsu, ya nuna fuskokinsu suna murmushi cikin hankalinsu, waɗansu suna haƙa ramin ma'aikatar ruwa a gaban asibitin mahaukata na Akra, ya kuma yi tambaya ko waɗannan mutane sun san wani magani da Turawa ba su sani ba tukuna.

Sa'ad da aka fara nuna shi a gidan tarihi na Musée de l'Homme a Paris, wuri ya rikice. Ɗaliban Afirka da suke wurin suka husata, cikinsu har da Paulin Vieyra wanda daga baya ya zama ɗaya daga cikin iyayen silima a Senegal. Tsoronsu a fili yake: Bature da bai taɓa zuwa Afirka ba, in ya ga baƙin mutum da kumfa da jinin kare a baki, ba zai tuna da ƙwai da hular gwamna ba, abin da ya riga ya gaskata ne zai ƙara tabbata masa. Malamin Rouch, Marcel Griaule, ya ce a hallaka fim ɗin. Ingilishi suka hana nuna shi a ƙasar da aka ɗauke shi. Rouch bai hallaka shi ba, a 1957 ma ya ci kyauta da shi a bikin fina-finai na Venis a Italiya. A 1965 Usman Sembene na Senegal ya faɗa masa a ido cewa shi da ire-irensa suna kallon 'yan Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari.

Shi wannan Griaule da ya ce a hallaka fim, yana da kyau a san irin makarantar da ya riƙe, domin a nan ne aka horar da Rouch. Shi ne ya jagoranci ayarin masana da ya ratsa Afirka daga Dakar zuwa Jibuti tsakanin 1931 da 1933, suka koma Paris da kaya fiye da 3,000. Marubucin ayarin, Michel Leiris, ya buga littafin abin da ya gani kullum a 1934, a ciki kuwa ya faɗi yadda suka shiga ɗakunan tsafi a ƙauyukan ƙasar da yanzu ake kira Mali, suka ɗauke abubuwan da mutane suke girmamawa, wani wuri da barazanar kiran 'yan sanda, wani wuri a ɓoye, suna ajiye 'yan kuɗi kaɗan. Griaule bai yafe masa wannan tonon asiri ba. Horon wancan zamani ke nan: a koya wa ɗalibi yadda zai tambaya, yadda zai auna, yadda zai rubuta lamba a jikin kaya, yadda zai gane mai ba shi labari yana ɓoye wani abu. Ba a koya masa cewa mutumin da yake gabansa yana da ikon cewa a'a ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce take ba da izni, ita take ba da masauki da masu dako, takardar digiri kuwa a Paris ake ba da ita, a gaban malaman da babu ɗan ƙauyen ko ɗaya a cikinsu.

Rouch ya fi malaminsa a wannan fanni nesa ba kusa ba. Bai saci kome ba. Manyan 'yan Hauka ne da kansu suka gayyace shi, rubutun farkon fim ɗin ma ya faɗi haka. Masu kare shi a nan suke tsayawa, su ce ai an ba shi izni, magana ta ƙare. Amma ba ta ƙare ba, a nan ma ta fara.

Duk wanda ya tashi kusa da masu bori ya san abin da su da kansu suke cewa: wanda iska ta hau doki ne, ba shi ne mai magana ba, in ta sauka kuma bai san abin da ya yi ba. To, in haka ne bisa ga koyarwarsu, wa ya ba da iznin fuskar? Malamin gona ya yarda a ɗauki bikinsa. Amma fuskar da take cika farin bango a Paris da Venis, da kumfa har haɓa, ta wani lebura ce mai uwa da mata a wani ƙauye na bakin kogi, mai sunan da zai so ya kare. Kashegari an nuna shi cikin hankalinsa a wurin aikinsa, an haɗa fuskar jiya da ta yau domin kada kowa ya ɓata gane shi. Abin da ya zama gwaninta ga mai fim, shi ne ya zama tallar mutumin. Babu inda fim ɗin ya nuna an tambaye shi. Yardar shugaba daban, yardar mai jiki daban, ko a gidan sarki ma an san haka.

Aibi na biyu ya fi wannan zurfi. Daga farkon fim har ƙarshe murya ɗaya ce take bayani, muryar Rouch. Shi yake faɗin sunan kowace iska, shi yake juya maganarta zuwa Faransanci, shi yake faɗin ma'anar abin. Na'urorin lokacin ba su iya ɗaukar hoto da magana tare ba, wannan uzuri ne na gaskiya. Amma sakamakon yana nan: ba a zaunar da ko mutum ɗaya an ce masa, me ya kawo ka nan, me kake nema ba. Shekaru da yawa masu kallo a Turai da Amurka suna ɗaukar bikin a kan wasan ba'a ne, talaka yana kwaikwayon mai mulki domin ya huce haushi. Wannan fassara ta yi wa masu ƙin mulkin mallaka daɗi, ta kuma dace da hoton ƙwai. A 2006 wani masani ɗan Ingila, Paul Henley, ya sake duba fim ɗin a tsanake, ya nuna cewa mutanen ba ba'a ta kawo su ba, sun zo neman taimakon iskoki masu ƙarfi ne a kan damuwarsu ta yau da kullum, ciwo da rashin haihuwa da tsoron maita, kamar yadda ake zuwa wurin sauran iskoki. Shaidar tana cikin fim ɗin tun farko: mutumin da ya rasa ƙarfinsa na namiji ba siyasa ya zo yi ba. Shekara 50 masana suna musu a kan abin da yake zuciyar mutanen da ba a tambaya ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, a nan kuwa ba a ba mai ita baki ba.

Wani mai karatu zai ce, ina ruwan mai bi da mutuncin 'yan bori, abin da suke yi ai ba abin karewa ba ne. Ba sai mutum ya yarda da bautar wani ba kafin ya ƙi a yi masa shaidar da ba cikakkiya ba. Hotunan da aka riƙa aikawa Turai daga tashoshin mishan domin neman taimako, su ma ba kullum aka tambayi masu fuskokin ba.

Abin da ya sa hukuncin Rouch ya yi wuya shi ne, ya riga ya san hanya mafi kyau, shi ne ma ya buɗe ta. Ya zo Nijar a 1941 yana injiniyan hanyoyi, ba masanin al'adu ba. A 1942 aradu ta kashe masa ma'aikata goma, wani saurayi cikin ma'aikatansa, Damure Zika, ya kai shi wurin kakarsa wadda ta san al'adar tsarkake irin wannan mutuwa. Ta ƙofar abota ya shiga wannan ilimi, kafin ya je ya yi digiri. A farkon 1954, watanni kaɗan kafin fim ɗin Akra, ya koma Ayoru da fim ɗin da ya ɗauka na Sarkawa masu farautar dorina, ya kafa farin zane, ya tayar da injin wuta, ya nuna musu kansu. Suka kalla, suka sake kallo, sa'an nan suka yi masa gyara. Ya sa kiɗa a wurin farautar domin ya ƙara armashi. Suka ce dorina tana ji a ƙarƙashin ruwa, kiɗa zai ƙara mata ƙarfin hali, farauta shiru ake yinta. Ya cire kiɗan. Littafin digirinsa ba mai iya karanta shi a Ayoru, amma hoto kowa ya iya yi masa gardama. Masunta marasa takardar makaranta sun gyara wa dakta aikinsa a dare ɗaya, irin gyaran da malaman Paris ba su da sanin da za su yi shi. Wannan ne ya riƙa kira ilimin da ake rabawa tsakanin mai bincike da waɗanda ake bincika. Fim ɗin Akra shi ne inda wannan gyara bai bar alama ba, shi ne kuma wanda ya fi sauran suna a duniya.

Ƙa'idojin aikin a rubuce sun zo daga baya, ba kuma daga kirkin zuciya kaɗai suka fito ba, abin kunya ne ya haife su. A 1965 aka soke wani shiri mai suna Camelot bayan an gano a ƙasar Chile cewa sojan Amurka ne yake biyan kuɗin binciken yadda tawaye yake tashi a ƙasashe matalauta. A 1970 aka zargi waɗansu masana da taimaka wa yaƙi da 'yan tawaye a Tailan. A 1971 ƙungiyar masanan wannan ilimi ta Amurka ta rubuta cewa hakkin farko da yake kan mai bincike na mutanen da yake bincika ne, gaba da na gwamnati da na mai ba da kuɗi. Yau jami'o'i da yawa ba sa barin ɗalibi ya fita sai wani kwamiti ya duba shirinsa, sau da yawa kuma sai ya tafi da takardar yarda wadda za a sa wa hannu ko a dangwala yatsa. Ci gaba ne. Amma a gwada takardar a gonar Akra. Malamin gona zai dangwala, lebura ma zai dangwala da safe tun yana cikin hankalinsa, gama babbansa ya riga ya yarda, bai kuwa taɓa ganin ɗakin silima na Venis ba balle ya san abin da ya sayar. Takardar za ta kare jami'a daga ƙara. Mutumin kuwa yana nan inda yake.

Su ma waɗanda ake bincika suna da tasu dabara. Paul Stoller, Ba'amurke wanda daga baya ya rubuta littafi a kan Rouch da wani a kan Hauka, ya ba da labarin farkon aikinsa a Mehanna a yankin Tilaberi, wajajen 1977. Ya yi makonni yana bin mutane da takardar tambayoyi a kan harsunan da kowa yake ji. Bayan ya gama, sai ya gano cewa adadin da wani mai kanti ya ba shi ba gaskiya ba ne. Da ya koma ya bincika, ya tarar kusan kowa ya faɗa masa abin da ya ga dama ne kawai, ba su kuma ga wani abin damuwa a ciki ba. Baƙo raɓa ne, gobe ba ya nan, don me za a buɗe masa ciki? Sai da ya ajiye takarda ya zauna shekaru yana komowa kafin a fara gaya masa magana mai nauyi. Ashe riƙon amana da samun gaskiya hanyarsu ɗaya ce, wanda ya tsallake na farko ba zai kai ga na biyu ba ko da ya ci jarrabawa.

Yanzu masu wannan karatu ba Turawa kaɗai ba ne. Ana koyar da shi a jami'ar Yamai da ta Legon a Gana, akwai kuma cibiyar bincike ta LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001. Kaɗan ne daga cikin masu gamawa za su sami kujerar koyarwa. Da yawa za su shiga aikin ƙungiyoyin agaji da na raya ƙasa, a ba su tambayoyi a cikin waya, a ce su cika gida kaza kafin yamma, a biya su bisa ga yawan abin da suka cika. Waɗansu za su zama tafintocin baƙi, su ne za su buɗe ƙofar da baƙon ba zai iya buɗewa ba, domin tsohuwa ta san uban yaron. Jarabar ɗan gida ta fi ta Rouch, gama shi ba a yi masa ƙaryar da aka yi wa Stoller, abin da aka gaya masa don zumunci kuwa yana iya ƙarewa cikin rahoton da ba wanda zai karanta wa ƙauyen. Makarantar da ta koya masa tsara tambaya da lissafin amsa, ba ta sa shi ya koma ya karanta wa mutanen abin da ya rubuta a kansu da harshensu kafin a ba shi takarda ba, ta bar shi a inda Griaule ya bar ɗalibansa. Tafiyar komawa tana cin kuɗi, masu ba da kuɗin bincike kuwa ba safai suke sa ta cikin lissafi ba.

Rouch ya ci gaba da komowa har ƙarshen ransa. Umaru Ganda, tsohon soja da ya samu yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan ya sa shi cikin fim a 1958, ya zama mai shirya fim na kansa, ya ci babbar kyautar bikin silima na Wagadugu a 1972. Damure da abokansa suka zama abokan aikinsa, suna tsara labari tare. A wani fim da suka yi a wajajen 1970 mai suna Petit à petit, Damure ne ya tafi Paris, yana tsayar da Faransawa a kan titi, yana auna musu kai da awo, yana roƙonsu su buɗe baki ya ƙirga haƙora. Rouch ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, yana da shekara 86, aka binne shi a Yamai.